Sharhi: Weji a Gaban Duwan

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mayahi, ko ta Sarkin Hausa, ko a tashar Tasawa ranar da manyan motoci ke lodin gero da wake, ya san aikin farko na yaron mota. Tun motar ba ta gama tsayawa ba zai diro, ya ruga bayan taya, ya cusa mata weji don kada ta gangara. Shekara da shekaru wannan weji, wanda masu jin Faransanci ke kira kal, guntun icce ne da kafinta ya sassaƙa, in babu shi a ɗauko dutse ko bulo. Yanzu kuwa akwai na waje, waɗanda masana'antun Sin da na wasu ƙasashe ke yi da roba, wasu baƙaƙe masu nauyi, wasu rawaya marasa nauyi, suna shigowa tare da sauran kayan mota. Abu ne da yaro ke ɗauka da hannu ɗaya, ba kuma wanda zai yi zaton ya kai a yi sharhi a kansa. Amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Idan aka ajiye weji a kan teburin ma'aikacin duwan, aka ce ya faɗi lambarsa, nan take wata tsohuwar matsala ta kasuwancin ƙasar nan za ta fito fili, wato ƙaramin ɗan kasuwa ba ya sanin abin da zai biya sai kaya sun riga sun iso bakin iyaka.

Dalili kuwa shi ne, a wurin duwan kaya ba su da suna, lamba gare su. Tun shekarar 1988 ƙasashen duniya ke aiki da wani jadawali guda na jera kayan ciniki, wanda Ƙungiyar Duwan ta Duniya mai mazauni a Buruksel ke kula da shi. Ƙasashe da yankuna fiye da 200 ne ke amfani da shi. Ya kasa duk abin da ɗan Adam ke saye da sayarwa zuwa kashi 21 da rukuni fiye da 5,000, kowane rukuni da lambarsa mai alƙalami shida. A Afirka ta Yamma an ƙara alƙaluma huɗu, lambar ta zama mai alƙalami goma. A gaban kowace lamba an rubuta kuɗin fiton da za a biya. Tun 1 ga Janairu 2015 matakan fiton nan biyar ne: sifili ga kayan jin ƙai irin su magunguna, kashi 5 cikin ɗari ga kayan masarufi na tilas da ɗanyun kaya da injinan aiki, kashi 10 ga kayan da za a ƙara sarrafawa, kashi 20 ga kayan da aka gama sarrafawa, sai kashi 35 ga wasu kaya da ake son kare masu yin su a cikin gida. Saboda haka wanda ya zaɓi lamba shi ne ya yanke kuɗi, ko da bai ambaci ko dala ba.

To, wace lamba ce ta weji? Direba zai ce ai kayan mota ne, tunda ba ya da wani aiki sai tare taya. A jadawalin akwai rukuni na 87.08, na sassan motoci da kayan da ke tafiya tare da su. Sai dai jadawalin yana da ƙa'idojin da aka rubuta a farkon wasu daga cikin kashi-kashinsa, kuma su ne ke da ƙarfin doka. Ƙa'ida ta biyu ta kashi na 17, wanda ya ƙunshi motoci da jirage, ta fitar da kayan da aka yi da robar danƙo mai taushi daga cikin sassan mota, ta mai da su rukuni na 40.16. Ke nan wejin da aka yi da roba irin ta taya, ko da a cikin mota yake kwana, a idon doka kayan danƙo ne. Wanda aka yi da filastik kuma, wato roba irin ta bokiti da buta, nan ake samun saɓani. Wani zai kai shi rukuni na 39.26, na sauran kayan filastik, bisa hujjar cewa ba a ɗaure shi a jikin mota ba, ba ya kuma cikin abin da ke sa ta tafiya. Wani zai ce tunda don mota kaɗai aka ƙera shi, wurinsa 87.08. Na icce yana da rukuninsa a babi na 44, na ƙarfe a babi na 73. Aiki ɗaya, siffa ɗaya, lamba har biyar.

Akwai kuma wata gargada da ta shafi Bahaushe musamman. A harshen Hausa, filastik da danƙo duka roba ne. Takalmin roba, bokitin roba, robar da ake ɗaure kaya da ita a bayan babur, kalma guda ce. Jadawalin duwan kuwa ya raba su gida biyu, babi na 39 da babi na 40, kuma iyakar da ya shata a tsakaninsu ba ta ganuwa da ido. Game da danƙon da ake haɗawa a masana'anta, har gwaji aka rubuta: a zafin da ke tsakanin digiri 18 da 29, a ja shi ya ninka tsawonsa sau uku bai tsinke ba, sannan idan aka ja shi ninki biyu aka saki, cikin minti biyar ya koma bai wuce tsawonsa ɗaya da rabi ba. Akwai filastik mai laushi da ke lotsawa a hannu kamar danƙo, amma doka ta ce filastik ne. Akwai kuma wejin da ake yi da niƙaƙƙun tsofaffin tayoyi da aka haɗe da wani irin filastik, wanda sai an koma ga ƙa'ida ta uku ta fassara jadawalin, an duba wanne daga cikin kayan haɗin ne ya ba shi ainihin halinsa. Ɗan kasuwar Tasawa da aka tambaya me ke cikin kwalinsa ya ce roba ce, gaskiya ya faɗa. Amma gaskiyar tasa ba ta isa ta cika takardar bayyana kaya ba, kuma idan lambar da aka rubuta masa ta saɓa da wadda mai bincike ya ga ta dace, laifin bayanin ƙarya ne za a ɗora masa, da tara a kai.

Don a ga nauyin abin, sai a yi lissafi mai sauƙi. A ɗauka kayan da darajarsu ta kai miliyan ɗaya na sefa. Idan lambarsu ta faɗa matakin kashi 10, fiton jika 100 ne. Idan ta faɗa matakin kashi 20, jika 200 ne. Bayan haka harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari ba a kan darajar kaya kaɗai ake lissafa shi ba, har da fiton da aka ɗora musu, don haka bambancin ya tashi daga jika 100 zuwa jika 119. Ga babban attajirin Maraɗi mai kwantena goma a hanya, wannan kuɗi ba ya hana shi barci, yana kuma da masu fiton kaya da suka ƙware, waɗanda suka san jadawalin kamar tafin hannunsu. Ga mai shagon kayan mota a Mayahi wanda ya tara jarinsa daga cinikin wake na shekara uku, jika 119 ita ce ribar tafiyar baki ɗaya. Ba zai iya sa farashi tun kafin ya yi odar kaya ba, ba zai iya cin bashi da tabbacin abin da zai mayar ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk inda doka ta bar lamba biyu a buɗe, kuma ba a rubuta wa kowa wadda za a bi ba, abin da ke cike gurbin shi ne ciniki. Ɗan kasuwa yana tsoron a tsare masa kaya kwana da kwanaki, kuɗin ajiya na hauhawa, direba na ƙorafi, sai ya nemi a sasanta. Wanda ba ya son sasantawar, ko ba ya da abin yin ta, sai ya ɗora kayan a kan babur ya bi ta daji, domin iyakar da ke tsakanin jihar Maraɗi da Katsina doguwa ce, ofishin Ɗan Isa kuwa ƙofa ɗaya ce daga cikin hanyoyi masu yawa. A ƙarshe baitulmali ya yi hasara, alhali kuɗin duwan na cikin manyan ginshiƙan kasafin kuɗin ƙasar nan. Ma'aikacin kirki ma ya yi hasara, domin duk hukuncin da ya yanke bisa saninsa, za a ce son rai ne, tunda ba shi da wata rubutacciyar shaida da zai nuna wa mai kaya. Adalci ya sa a faɗa cewa laifin ba na gefe ɗaya ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai ƴan kasuwar da ke sane sarai da lambar kayansu, amma su rubuta wata don su kauce wa fito, kuma duhun da ake ciki ya fi yi musu daɗi bisa ga haske.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda ƙasa ke ta motsi a ƙarƙashin ƙafar ɗan kasuwa shekaru talatin ke nan. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, aka kuma kafa ƙungiyar UEMOA a Dakar. A shekarar 2000 ƙungiyar ta fara aiki da fito na bai ɗaya mai matakai huɗu. A 2015 aka koma ga na CEDEAO mai matakai biyar, wanda UEMOA ta ɗauka ya zama nata. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumi ya sake rufe su har farkon 2024, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. A 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata, kuma a watan Maris na shekarar ƙasashen AES suka sanya harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancen. Shi kansa jadawalin duniya ana yi masa kwaskwarima lokaci lokaci: an yi a 2017, an yi a 2022, wani sabo zai fara aiki a 2028, lambobi su rabu, wasu su haɗe. Ma'aikacin da ya yi makarantar duwan ma sai ya dage kafin ya bi sawun waɗannan sauye-sauye, balle mai shago a Sarkin Hausa wanda labarin ke iske shi ta bakin direba.

Wani zai ce duk wannan surutu a kan weji, alhali ga dutse kyauta a bakin hanya. Amsar tana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta ratsa Tasawa tsakanin Maraɗi da Damagaram. Motar da ta lalace da dare akan tare ta da duwatsu, a zuba rassan itace a baya a matsayin alama. Idan an gyara ta, sau da yawa sai ta tashi ta bar duwatsun a tsakiyar kwalta, mai babur ko ƙaramar mota ya zo ya yi karo da su cikin duhu. A ƙasar jigawa irin ta Mayahi kuwa, inda rairayi ya fi dutse yawa, wani lokaci abin tarewar ma ba ya samuwa, sai a dogara da birkin hannu na motar da ta girmi direbanta. Weji mai kyau wanda ke tafiya tare da mota, a sa shi a ɗauke shi, kayan kare rai ne. Farashinsa na da hannu a kan ko direba zai saya ko ba zai saya ba, fito kuma na da hannu a kan farashin.

Akwai hujja ta ɗaya gefen wadda ta cancanci a saurare ta. Kafintoci da maƙera da masu yanka tsofaffin tayoyi a Tasawa da Maraɗi suna iya yin weji mai ƙarko, kuma idan na waje ya shigo da araha, sana'arsu ce za ta ji jiki. Hukuma tana da ikon ta ce ta fi son ta kare su, a bar fiton na waje ya yi nauyi. Tana kuma da ikon ta nemi, a zauren UEMOA, a sassauta wa kayan kare haɗari. Kowanne daga cikin biyun siyasa ce da za a iya karewa a gaban jama'a. Abin da ba ya da kariya shi ne a bar shawarar a hannun sa'a, yau kwali ya wuce a lamba kaza a wannan ofishi, gobe irinsa ya maƙale a wata lamba a wancan. Haraji da ke canzawa daga tebur zuwa tebur ba ya kare maƙeri, ba ya kuma sauƙaƙa wa direba.

Maganin wannan cuta sananne ne, ba kuma sabon abu ba ne. Ana kiransa hukuncin share fage: tun kafin ɗan kasuwa ya yi odar kaya, ya kai samfur ko cikakken bayani ga hukumar duwan, ta ba shi lambar a rubuce, kuma wannan takarda ta ɗaure kowane ofishi na ƙasa har wani wa'adi. A Tarayyar Turai irin wannan takarda tana aiki shekara uku. A Amurka hukumar kwastan tana wallafa hukunce-hukuncenta a intanet, kowa na iya karantawa, ya ga yadda aka yanke wa wanda ya riga shi tambaya. Yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a 22 ga Fabrairu 2017, ta wajabta wannan tsari a sashenta na uku, kuma Nijar na cikin ƙasashen farko da suka amince da ita tun shekarar 2015. Ke nan alƙawarin yana nan a rubuce. Amma haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, ko kuwa sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa Yamai kafin ya same shi, a wurin talaka daidai yake da babu. Ba daidai ba ne kuma a ce na'urar SYDONIA ta kashe magana. Na'ura tana lissafa kuɗi daidai bisa lambar da aka shigar mata, ba ta taɓa weji ta ji ko danƙo ne ko filastik.

Nan ne maganar harshe ke shigowa. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ɗaukaka Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan matsayi zai tabbata ne ranar da mai shago ya iya karanta, ko a karanta masa, abin da hukuma ke bin sa a harshen da yake ciniki da shi. Ba wanda ke cewa a fassara dubban layukan jadawalin cikin dare ɗaya. Amma kayan da ke yawo tsakanin Kano da Katsina da Maraɗi sanannu ne, ba su wuce a ƙidaya ba: kayan mota da na babur, robobin gida, kayan gini, yadi, takalma, kayan noma. Ana iya fitar da ɗan littafi na waɗannan, kowane da hotonsa da sunansa na kasuwa da lambarsa da fitonsa. Aikin zai tilasta wa masana harshe da na duwan su zauna tare su tsai da kalmomin da za su raba roba da roba, wanda riba ce ga harshen kansa.

Bisa ga haka, abin da ya kamata hukumomi su yi a fili yake. Na farko, a buɗe wurin neman hukuncin share fage a ofishin duwan na jihar Maraɗi, tare da wa'adin amsa da aka sanar wa kowa, kuma a karɓi buƙata da Hausa. Na biyu, duk hukuncin da aka yanke a wallafa shi ba tare da sunan mai kaya ba, a liƙa shi a ofisoshin iyaka, a kuma karanta muhimman cikinsa a gidajen rediyon karkara na Tasawa da Mayahi, don tambayar mutum ɗaya ta amfani dubu. Na uku, idan saɓani ya tashi a kan lamba, a bar mai kaya ya ajiye jingina ya tafi da kayansa kafin a yanke hukunci, domin tsare kaya shi ne sandar da ke tilasta wa mai gaskiya sasantawa. Na huɗu, a bambanta tsakanin wanda ya yi kuskure a kan abin da masana ma ke jayayya a kai da wanda ya ɓoye gaskiya da gangan. Na farkon gyara yake buƙata, na biyun hukunci.

Ƴan kasuwa da masu sufuri su ma da nasu aiki. Ofishin ƴan kasuwa na Maraɗi da ƙungiyoyin direbobi suna iya tattara jerin kayan da aka fi samun rigima a kansu, su nemi hukunci a kansu gaba ɗaya da sunan mambobinsu. Mai odar kaya kuma ya koyi neman takardar masana'anta da ke faɗin abin da aka yi kayan da shi, domin ita ce hujjarsa ta farko. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya saba neman rangwame ta bayan fage ya sani cewa ƙofar da ta buɗe masa yau ita ce za ta rufe masa gobe, ranar da wanda ya fi shi kuɗi ya zo.

Ƙasar da ba ta da gaɓar teku, wadda kusan duk abin da take amfani da shi na masana'anta sai ya ƙetaro iyaka, ba ta da dukiyar da ta kai amana tsakanin mai karɓar fito da mai biyan sa. Wannan amana ba ta ginuwa da jawabi ranar bikin duwan ta 26 ga Janairu. Tana ginuwa ne ranar da mai shago a Sarkin Hausa zai ɗaga weji ya tambayi lambarsa, a ba shi amsa guda a rubuce, ya je Ɗan Isa ya tarar da ita, ya je Yamai ya tarar da ita ba ta canza ba.